Atman na Hindu da "Kai" na Jung: kama da wane ba wane ba ne

Wata ɗaliba da ke aji uku a sashen ilimin halayyar ɗan Adam ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, a darasinmu kan Carl Jung an ce ya ɗauko ra'ayinsa na 'Kai' daga littattafan addinin Hindu. Na je na nemi Bhagavad Gita na karanta, sai na ji kamar ina sauraron zaman likitan zuciya da mara lafiya. Shin abu ɗaya suke faɗa? Kuma mutum zai iya amfana da su wajen gyaran halinsa ba tare da ya shiga addinin ba?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ba kowane ɗalibi ake faɗa wa abu a aji ya tashi ya bi sawunsa har tushe ba. Abin da kika gani yana nan, idonki bai yaudare ki ba. Sai dai shekarun da na yi ina koyar da wannan fanni, ina kuma zama da masu damuwa, sun tsayar da ni a kan magana ɗaya: littattafan Hindu da ilimin zurfin zuciya sun yi tarayya wajen gano ciwo, amma sun raba hanya a kan inda za a kai mara lafiya. Wanda ya ga tarayyar bai ga rabuwar ba zai ɓata wa Jung magana, ya ɓata wa 'yan Hindu addini, wani lokaci ma ya cuci kansa.

Idan na ce ilimin zurfin zuciya, ina nufin makarantar Sigmund Freud da Jung da waɗanda suka biyo su. Ginshiƙinta shi ne cewa abin da mutum ya sani game da kansa ɗan kaɗan ne. Kamar dorina ce a kogi: kunnuwa da hanci kike hangowa, gangar jikin tana ƙarƙashin ruwa, kuma ita ke kife jirgi.

Yadda littattafan Hindu suka isa hannun waɗannan Turawa labari ne da ya bi ta hannun Musulmi, kuma ba a cika faɗa muku a aji ba. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya fassara littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen shekarar 1030 ya kammala babban littafinsa kan Indiya. A 1657 Dara Shiko, ɗan sarki Shah Jahan mai Taj Mahal, ya tara malaman Hindu na Banaras suka fassara Upanishad, tsofaffin littattafan hikimar addinin Hindu, kusan 50 zuwa Farisanci. Wannan fassarar ce wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya mayar Latin aka buga ta a 1801 da 1802, ita ce kuma masanin falsafar Jamus Schopenhauer ya karanta ta shiga ransa. Jung kuwa tun yana matashi ya sha karatun Schopenhauer. A laccocin da ya gabatar a Jami'ar Yale a 1937 ya faɗa da bakinsa cewa ya zaɓi kalmar "Kai" ne bisa falsafar Gabas, ya kuma ambaci Upanishad. Da wannan kalma yana nufin mutum gaba ɗayansa, abin da ya sani game da kansa da abin da bai sani ba. Ke nan malaminku bai yi kuskure ba. Aro dai an yi. Abin tambaya shi ne, da aka aro rigar, jikin wa aka sa wa?

Mu fara da Gita tunda ita kika karanta. Baiti 700 ce a babi 18, tsakure daga cikin doguwar waƙar Mahabharata. Runduna biyu na 'yan gida ɗaya sun ja dāga a filin Kurukshetra. Jarumi Arjuna ya ce wa Krishna, mai tuƙa masa keken yaƙi, ya tsayar da shi tsakanin rundunonin ya ga waɗanda zai kara da su. Ya duba ya ga dattijon gidansu Bhishma, ya ga malaminsa Drona wanda ya koya masa harbi, ya ga kawunnai da surukai da abokan wasa. Sai ya shiga lissafa abin da ke faruwa a jikinsa: gaɓoɓi sun saki, baki ya bushe, jiki na rawa, tsikar jiki ta tashi, fata na zafi, baka na zamewa daga hannu, kai na juyawa, ya kasa tsayuwa. Ya yar da baka da kibiya ya zauna. Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da firgici ya kama zai gane wannan jerin, kusan babu abin da aka bari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da Arjuna ya yi bayan nan. Bai ce "ina jin tsoro" ba. Ya kawo hujjoji masu kyau, na addini da na zumunci, har ya ce gara ya koma bara da ya ci abincin da jinin malamansa ya taɓa. Krishna ya amsa masa da cewa maganarka ta masu hikima ce, amma baƙin ciki ne ke magana. Wannan shi ne abin da muke koya muku da sunan garkuwar zuciya: mutum ya ji abin da ba zai iya ɗauka ba, sai hankali ya ɗinka masa riga mai kyau ya lulluɓe shi.

A babi na biyu akwai sarƙar da nake so kowane ɗalibina ya sani. Mutum ya yi ta juya wani abu a ransa, juyawar ta haifi shaƙuwa, shaƙuwa ta haifi sha'awa, sha'awar da aka tare ta haifi fushi, fushi ya haifi ruɗewa, ruɗewa ta ɓata tunani, tunani ya ɓaci hankali ya tafi, hankali ya tafi mutum ya halaka. Ki lura inda sarƙar ta fara. Ba ta fara da aikin laifi ba, ta fara da zaman shiru ana tauna abu a zuci. A babi na uku kuma an kira mai daure gaɓoɓinsa alhali zuciyarsa na can tana tuna abin da ya bari da sunan mai halin ƙarya, har aka yi tambaya: halittu suna bin ɗabi'arsu, to me danniya za ta tsinana? Mutane da yawa suna karanta wannan su ce ga Freud nan. Kusa ne, amma da tazara. Mutumin Gita ya san abin da yake dannewa. Danniyar da Freud ke nufi kuwa ita ce wadda mai ita bai ma san ya danne ba, ya rantse miki babu komai kuma da gaske yake.

Ba na kuma so ki ɗauki Krishna a matsayin likitan zuciya irin namu. Mu aikinmu sauraro ne, mara lafiya ke magana. A Gita Krishna ne ke magana kusan daga farko har ƙarshe, ya fara ma da faɗa, kuma a babi na 11 ya bayyana kansa a matsayin abin bauta da siffar da ta razana Arjuna. Wuri ɗaya ne ya yi kama da mu sosai, a babi na ƙarshe, inda ya ce masa: ka yi tunani a kai sosai, sannan ka aikata yadda ka so.

Idan ɓoyayyen ɓangaren zuciya kike nema, Patanjali ya fi Gita kusa da shi. Littafinsa gajerun jimloli ne kusan 196, an tattara su a ƙarnukan farko na Miladiyya. Ya ce duk abin da mutum ya yi ko ya ɗanɗana yana barin zane a zuciya, wanda suke kira samskara. Zanen ba ya gogewa don an manta da shi. Yana kwance kamar iri a ƙasa lokacin rani, ba ganye ba tsiro, sai ruwan farko ya sauka ki ga gona ta rufe. Ya lissafa masifu biyar da ke wahalar da ɗan Adam: jahiltar haƙiƙanin kai, jin "ni ne", kwaɗayi, ƙiyayya, da manne wa rayuwa, wanda ya ce har masani bai tsira daga gare shi ba. Sannan ya ce kowace tana iya zama cikin hali huɗu: tana barci, ko ta yi rauni, ko wata ta katse ta na ɗan lokaci, ko tana tashe. Wannan rabon gida huɗu ya yi mini amfani a ɗakin aiki fiye da wasu manyan littattafanmu. Sau nawa mutum ke ce mini fushinsa ya warke, alhali kawai sabon aure ne ya katse shi?

Ki haɗa wannan da abin da Jung ya yi a asibitin Burghölzli na Zurich a farkon ƙarni na 20. Yakan zaunar da mutum, ya riƙe agogo, ya karanto masa kalmomi 100 ɗaya bayan ɗaya: kai, kore, ruwa, haka dai. Mutum ya faɗi kalmar farko da ta zo masa. Yawanci amsa takan fito nan take. Amma a kan wata kalma sai mutum ya yi jim, ko ya yi dariyar da ba ta da dalili, ko ya maimaita kalmar, ko ya ce bai ji ba. Jung ya auna wannan jinkirin, ya ce akwai ƙulli a wurin, tarin tunani da zafin rai da suka dunƙule suka koma ƙasa. Ya ce mutane sun san suna da ƙulli, abin da ba su sani ba shi ne ƙullin ma yana iya mallakarsu. Samskara da ƙulli 'yan uwan juna ne, wannan ban yi shakka ba. Amma Patanjali ya ɗauka irin yana biyo mutum daga rayuwar da ta gabata, burinsa kuma a soya irin yadda ba zai sake tsiro ba. Jung bai nemi a soya ba. Ya nemi a tono, a duba, a zauna da shi, domin a ganinsa cikin abin da mutum ya binne har da ƙarfinsa da baiwarsa.

Misalin doki ma duka ɓangarorin sun yi shi. Katha Upanishad ta ce jiki keke ne, gaɓoɓin ji da gani dawaki, zuciya linzami, hankali matuƙi, Atman kuwa, wato haƙiƙanin ran mutum, shi ne mai keken da ke zaune. Freud a 1923 ya kwatanta "ni" da mahayin da doki ya fi ƙarfinsa, wanda sau da yawa yakan karkata linzami zuwa inda dokin ya riga ya nufa don kada ya faɗi. Bambancin a fili yake. A hoton Freud abu biyu ne, doki da mahayi. A hoton Upanishad akwai na ukun da bai riƙe linzami ba, bai ja keke ba, yana zaune kawai.

Wannan na ukun shi ne inda hanya ta rabu.

Mundaka Upanishad ta kawo tsuntsaye biyu abokan juna a kan bishiya ɗaya. Ɗaya na cin 'ya'yan itacen, ɗayan na kallo bai ci ba. Mai ci shi ne ni da ke na yau da kullum, mai suna da dangi da tarihi da bashi. Mai kallo shi ne Atman. A fahimtar Shankara, babban malamin ƙarni na 8, wannan mai kallon ba shi da siffa, ba shi da tarihi, ba a haife shi ba, ba ya canzawa, kuma na cikinki da na cikina ba biyu ba ne. Shi ne kuma Brahman, tushen komai. A Chandogya Upanishad uba ya sa ɗansa ya zuba gishiri a ruwa ya kwana. Da safe ya ce ɗauko gishirin, yaro ya laluba bai samu ba. Ya ce kurɓi daga wannan gefe, kurɓi daga tsakiya, kurɓi daga wancan gefe. Ko'ina gishiri. Ya ce masa: kai ne wannan. Tsira a wannan makaranta ita ce mutum ya gane cewa tun farko kuskure ya yi da ya ɗauki kansa tsuntsu mai ci.

"Kai" na Jung ba haka yake ba. Shi jimillar mutum ne, abin da ya sani da abin da bai sani ba, haskensa da inuwarsa, wato halayen da ba ya son yarda nasa ne. Tafiyar da Jung ke kira zama cikakken mutum ita ce ki ƙara zama ke, wadda ba a taɓa yin irinta ba, da tabonki da komai. Ƙaramin "ni" ba ya narkewa kamar gishiri. Yana koyon cewa ba shi ne maigida ba, amma yana nan tsaye, don in ya faɗi ba wanda zai karɓi saƙon da ke fitowa daga ƙasa. Jung ya yi ta nanata cewa bai ga yadda za a yi sani ba tare da mai sani ba, saboda haka ya ɗauki halin da masu yoga ke kira samadhi, ƙololuwar tattara hankali a wurinsu, a matsayin nutsewa cikin rashin sani. Malaman Hindu ba su yarda da wannan ba ko kaɗan. Mandukya Upanishad, mai baiti 12 kacal, ta lissafa farke da mafarki da barci mai nauyi, sannan ta ce akwai na huɗu wanda ba ɗaya daga cikinsu ba ne, shi ne sanin da ukun ke gudana a cikinsa. Ki duba abin mamaki: mafarki, wanda Freud da Jung suka ɗauka babbar hanyar shiga zuciya suka ƙare rayuwarsu suna fassarawa, a wurin Mandukya zango ne kawai da ake wucewa.

Ki kuma kiyaye, ba duk 'yan Hindu ke tare da Shankara ba. Ramanuja ya ce rai yana cikin Ubangiji amma bai ɓace a cikinsa ba, Madhva a ƙarni na 13 ya ce rai daban, Ubangiji daban, har abada. Wanda ya ce "Hindu sun ce" ya tsaya a kan Shankara ya bar miliyoyin masu ibada a waje.

Jung ya je Indiya a ƙarshen 1937 zuwa farkon 1938, bisa gayyatar taron masana kimiyya a Kalkata. Jami'o'in Allahabad da Banaras da Kalkata suka ba shi digirin girmamawa, atini ya kwantar da shi a asibiti. A lokacin Ramana Maharshi yana raye a Tiruvannamalai, mutumin da duk koyarwarsa ta taru a tambaya ɗaya: wane ne ni? Abokin Jung, masanin Indiya Heinrich Zimmer, ya so ƙwarai ya ziyarce shi. Jung bai je ba. Daga baya ya bayyana cewa ya kauce wa waliyyan Indiya ne don dole ya tsaya a kan gaskiyar da ya samo da kansa, ba wadda zai karɓa daga wani ba. Na daɗe ina juya wannan. Ina girmama amanar da ke ciki, domin shi ne mutumin da ya gargaɗi Turawa tun 1936 kada su kwaikwayi yoga kamar wanda ya ari tufafi. Amma ina ganin ya yanke hukunci a kan halin da bai ɗanɗana ba, kuma ga wanda aka ce ya ɗanɗana a kusa, bai je ya tambaya ba. Maganganunsa na "hankalin Gabas" da "hankalin Yamma" kuma sun yi faɗi da yawa, kamar a ce duk mutanen nahiya guda zuciya ɗaya gare su.

Freud shi ko kusa bai matso ba. Marubucin Faransa Romain Rolland, wanda ya rubuta tarihin waliyyin Hindu Ramakrishna, ya aika masa wasiƙa a 1927 yana bayyana wani ji kamar teku, mara iyaka, wanda ya ce shi ne tushen addini. Freud ya amsa a littafinsa na 1930 cewa shi bai sami wannan ji a kansa ba, ya danganta shi da zamanin jarirantaka kafin yaro ya bambance kansa da duniya. Indiyawa kuwa ba su zauna ana magana a kansu ba. Girindrasekhar Bose ya kafa ƙungiyar masu wannan fanni a Kalkata a 1922, ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da Freud, yana gaya masa cewa marasa lafiyarsa na Bengal ba su nuna abin da na Biyana, garin Freud, ke nunawa yadda Freud ya zana ba. Sudhir Kakar, wanda ya rasu a 2024, ya ci gaba da wannan aiki. In kina neman abin koyi a matsayinki na 'yar Afirka mai karanta Freud, ki dube su.

Akwai baiti ɗaya da ake yawan yi wa fassarar son rai, ina so ki yi hattara da shi. Gita ta ce gara mutum ya yi nasa dharma, wato aikin da ya wajaba a kansa, ko da da tangarɗa, da ya yi na wani da kyau. Masu littattafan gyaran kai sukan ce ma'anarsa "ka zama kanka", su haɗa shi da Jung. Amma babi na 18 ya fayyace ayyukan bisa rukunan haihuwa huɗu: malamai, mayaƙa, manoma da 'yan kasuwa, da masu hidima. Dharman Arjuna yaƙi ne don an haife shi a gidan mayaƙa. Saboda haka ne B. R. Ambedkar, wanda ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa kuma ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya soki littafin da cewa yana kare tsarin fifikon haihuwa. Gandhi kuwa ya karanta yaƙin a matsayin wanda ake yi a cikin zuciya. Karatun Gandhi ya fi daɗin ji ga mai ilimin zuciya, amma kukan Ambedkar na mutanen da abin ya taka ne, ba a share shi da tawili.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu. Hukuncin shari'a na malamai ne, ki kai musu. Abin da zan faɗa miki a fannina shi ne ki raba lura da aƙida. Cewa tunani yana haifar da sha'awa, sha'awa ta haifi fushi, lura ce, kowa zai iya gwadawa a kansa. Cewa ran mutum shi ne Ubangiji, ko cewa ana mutuwa a dawo cikin wani jiki, aƙida ce, kuma ta saɓa da tauhidi kai tsaye. Al-Biruni ya karanta duka, ya rubuta su da adalci, ya ci gaba da zama Musulmi. Kuma kada ki zaci gidanku babu irin wannan kaya. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin abubuwan mamakin zuciya na Ihya'u ya kwatanta hankali da mahayi mai farauta, sha'awa dokinsa, fushi karensa. Ya kuma bi sarƙar daga ɗarsuwar tunani zuwa karkata, zuwa ƙuduri, zuwa aiki. Ga nafsu mai umarni da mummuna, da mai zargin kanta, da natsattsiya. Ko karin maganarmu na laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ya riƙe rabin abin da Jung ya rubuta kan inuwa. Adalci ga 'yan Hindu kuma shi ne kada a tsige ibada daga littafinsu a sayar da ragowar da sunan dabarar kwantar da hankali. Gita ta ƙare ne da kiran miƙa wuya ga Krishna, masu ita haka suke karanta ta.

Abin da ya fi damuna a aikace shi ne tsuntsun nan mai kallo. Koyon ja da baya ka kalli fushinka kafin ka bi shi babban magani ne, muna koyar da irinsa kullum. Amma wuƙar da ke fiɗa ita ke yanka hannu. Wani masanin Amurka, John Welwood, a farkon shekarun 1980 ya sa wa abin suna: amfani da ibada ko hikima don tsallake ciwon da ba a so a taɓa.

An taɓa kawo mini wani saurayi da ya yi karatun harhaɗa magunguna a Indiya. Mahaifinsa ya rasu yana can, bai sami jana'iza ba. Yayarsa ce ta jawo shi, ta ce wata bakwai ba ya barci sai gyangyaɗi, ga ciwon kai, ga rama. Yaro mai ladabi, mai karatu. Ya zauna ya ce: "Malam, ni fa ba ni da damuwa. Baƙin ciki yana zuwa, ina kallonsa, yana wucewa. Ni tsuntsu na biyu ne." Ya san baitocin fiye da ni. Muryarsa sumul, fuskarsa ba motsi. Amma hannunsa na dama yana dunƙule a kan cinya tun shigowarsa, har jijiyoyin sun fito. Da ya buɗe don ya karɓi ruwa, sai na ga makulli ne, ya zana masa shaida ja a tafin hannu.

Na ce, "Wannan makullin na ina ne?"

Ya yi jim. Irin jim ɗin da Jung ke aunawa da agogo. Can ya ce na shagon yadin Baba ne, tun rasuwar ba a buɗe ba, 'yan uwa sun ce shi zai buɗe.

Ban yi musu da shi a kan Upanishad ba. Na ce masa tsuntsayen nan biyu an ce abokai ne, bishiya ɗaya suke, mai kallon bai tashi ya bar ɗan uwansa ba. Na tuna masa cewa Arjunan da yake so shi ma yawon bara ya nemi tafiya, aka ce masa koma ka fuskanci abin da ke gabanka. Na kuma tuna masa abin da ya sani tun yana makarantar allo, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Mu ma nan gida muna da namu salon tsallakewar, mu ce wa mutum "haƙuri" tun kafin ya buɗe baki, alhali haƙuri ɗaukar abu ne, ba musun cewa yana da nauyi ba. Na tura shi ga likita a duba barcin da ramar, don rashin barci na watanni ba a bar shi ga hira kaɗai, muka ci gaba da zama mako-mako.

A zama na shida ya zo hannu sake. Ya ce ya buɗe shagon ranar Asabar, shi kaɗai, bayan la'asar. Ƙura ta rufe bandir-bandir na shadda, hular Baba na rataye a ƙusa inda ya saba rataye ta. A cikin aljihun tebur ya sami littafin lissafi, ya buɗe yana neman masu bashi, sai ya ga shafi guda da sunansa a sama da rubutun Baba: kuɗin makaranta, kuɗin jirgi, kuɗin haya, wata bayan wata, da yadin da aka karyar don a cika na ƙarshe. Ya ce ya zauna a kan tabarmar shagon ya yi kuka har aka kira magariba, maƙwabcin shago ya shigo ya zauna kusa da shi bai ce komai ba. Yayarsa ta ce daren ranar sai da aka buga masa ƙofa sau uku kafin ya tashi sallar asuba.